Filin Tambaya da Amsa: Wa zai yi cigiyarki ran da ba ki zo ba?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na yi maganar hawan jini a fitowar da ta wuce, wasiƙu suke ta shigowa a kan azuzuwan motsa jikin nan na mata da ake yi da kiɗa da taki, waɗanda yanzu suka fara yawa a Kaduna da Kano da Abuja, har da ƙananan garuruwa. Na zaɓo huɗu. Kamar kullum na cire sunaye, na kuma rage tsawon wasu.

TAMBAYA

Anti, barka da aiki. Ni matar aure ce, shekarata 46, 'ya'yana biyar. Kwanakin baya likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya ɗora ni a kan magani, ya ce lallai in riƙa motsa jiki. Maƙwabciyata ta kwatanta mini wani wuri na mata zalla inda ake motsa jiki da rawa, na je na biya kuɗin wata. Anti, sau uku na je. Duk 'yan mata ne da ƙananan matan aure, sun san juna, sun san taki, in an yi dama ni ina hagu. Ga wani ƙaton madubi a bango, in na ɗaga kai na hango kaina sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Babu wadda ta wulaƙanta ni, amma babu wadda ta ce mini ko sannu. Da na daina zuwa ma babu wadda ta neme ni. Na ce to bari in riƙa zagaye tsakar gida ni kaɗai, shi ma kwana huɗu na yi na bari. Ko dai ba don irina aka yi abin nan ba?

Ƙanwarki daga Kaduna

AMSA

Ƙanwata sannu, Allah ya ba ki lafiya. Kafin komai, maganin da likita ya ɗora ki a kai kada ki yi wasa da shi, ko kin fara motsa jiki ko ba ki fara ba. Na yi shekaru ina aikin jinya, na ga mata da yawa da suka ajiye magani don sun ji jiki ya yi sakayau, aka dawo mana da su a kwance. Motsa jiki yana taimaka wa magani, amma likita ne kaɗai zai ce a rage ko a tsaya.

Sau biyu na karanta wasiƙarki, kuma wuri ɗaya na tsaya duka biyun: "da na daina zuwa ma babu wadda ta neme ni." Kin kawo maganar madubi, kin kawo ta taki, amma ni a nan na ga ciwon yake. Mace takan jure ɓata taki, takan jure tsamin cinya na makon farko, takan jure kuɗin keke zuwa da dawowa. Abin da ba ta iya jurewa shi ne ta gane zuwanta da rashin zuwanta duk ɗaya ne a wurin mutane.

Bari in ba ki wani labari da har yau yake ci mini rai. Bayan na yi ritaya muka fara taruwa a tsakar gidan wata ƙawata, sau uku a mako, da safe bayan yara sun tafi makaranta. Siminti ne, da darbejiya ɗaya a gefe, da wata 'yar lasifika mai caji da muke ɗorawa a kan turmi. Ni ke gaba, saboda ni na ɗan san abin da gwiwa da baya za su ɗauka. A lokacin hankalina kaf yana kan taki: kowa ta ɗaga ƙafa daidai, kowa ta juya tare. Sai wata baiwar Allah ta fara zuwa, mai ɗinki ce, tana da jiki. Kullum can baya take tsayawa kusa da randa, ba ta cire hijabinta sai an kunna kiɗa. Ta yi kamar mako biyu. Ban taɓa tambayar sunanta ba. Ran nan ta daina zuwa, ni kuwa ban ma lura ba. Bayan wata huɗu muka haɗu a gidan suna, ta rusuna ta gaishe ni, na amsa mata irin amsar da ake yi wa baƙuwa. Ta yi murmushi ta ce, "Anti ba ki gane ni ba ko? Ai na zo ajinku." Wallahi ƙanwata, abincin sunan nan kasa shiga ya yi. Matar nan ta rufe keken ɗinkinta da safe, lokacin da ya fi mata albarka, ta zo ta tsaya a bayana har zama shida, ni ko fuskarta ban riƙe ba.

Daga ranar muka sayo littafin rubutu irin na 'yan firamare. Duk wadda ta zo sabuwa, kafin a kunna komai sai ta faɗi sunanta da unguwarta, a rubuta, a haɗa ta da wata tsohuwar 'yar aji da za ta tsaya gefenta. Wadda aka yi zama biyu ba a gan ta ba, a kira ta a waya. In aka yi uku, mutum biyu su yafa mayafi su taka har gidanta. Mun gwada saƙon WhatsApp, bai yi abin da sallama a ƙofar ɗaki take yi ba, da ma an ce zumunta a ƙafa take. Ta haka muka gano cewa waɗanda muke zaton lalaci ya hana su, yawancinsu ba shi ba ne. Wata mijinta aka kwantar a asibiti. Wata kambas ɗinta ne ya yage, tana kunyar zuwa da silifas. Wata ɓari ta yi ba ta faɗa wa kowa ba, muka same ta ita kaɗai a ɗaki. Mai ɗinkin nan kuwa na je na ba ta haƙuri, ta dawo, kuma yau littafin a hannunta yake.

Maganar madubi ba ke kika fara ba. A garin Evanston, kusa da Shikago a Amurka, an yi wata mai koyar da rawa, Judi Sheppard Missett. A 1969 ta lura mata suna shiga ajinta, bayan 'yan makonni su sulale. Da ta bincika sai ta gane matan nan ba su zo don su zama gwanayen rawa ba, jiki kawai suke so ya saki. Sai ta sauƙaƙa taki, ta juya su suka ba madubi baya, aji ya cika. Daga nan aka sami salon motsa jiki da rawa da ake kira Jazzercise, wanda har yau ake yi a ƙasashe da dama. Shekara sama da 50 ke nan da aka gane wannan, amma masu buɗe wuraren nan namu suka ɗauko madubin don sun gan shi a bidiyo, suka bar darasin. Madubi yana da amfani ga mai shirin gasa. Uwar 'ya'ya biyar da ta zo neman saukar jini ba ta da abin da za ta tsinta a cikinsa sai ɓacin rai.

Ban kuma yi mamaki ba da zagayen tsakar gida ya tsaya a kwana huɗu. Tafiya tana da kyau ƙwarai, wadda za ta iya riƙe ta ita kaɗai ta riƙe. Amma akwai abin da jiki yake samu in yana motsi tare da wasu a kan kiɗa ɗaya. A 2015 masu bincike na Jami'ar Oxford, cikinsu har da Farfesa Robin Dunbar, sun fitar da sakamakon wani gwaji da suka yi da ɗaliban sakandare a Brazil. Wasu aka sa su rawa da taki iri ɗaya a lokaci ɗaya, wasu kuma kowa da nasa. Sai aka ɗaura musu madaurin awon jini a hannu, irin wanda likitanki ya ɗaura miki, ana hura shi har sai mutum ya ce ya isa. Waɗanda suka yi taki ɗaya juriyarsu ta ƙaru, kuma sun fi jin kusanci da abokan rawarsu. Masanan sun danganta hakan da wani sinadari da ƙwaƙwalwa ke saki mai rage zafi da sanya nishaɗi.

Da na karanta sai na tuna gidanmu. Na tashi na ga mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, taɓarya tana sauka bi da bi, wata ta cilla tata sama ta tafa ta cafe, ana waƙa ana dariya, har a gama dakan fura babu wadda ta ce ta gaji. Da daddare in farin wata ya fito mu kuma 'yan mata mu yi dandali. A gaɗa, yarinya takan saki jikinta gaba ɗaya ta faɗa da baya, don ta san akwai hannaye da za su tare ta su cilla ta. Ga kiɗan ƙwarya ran biki, ga shantu a cikin ɗaki. Sai injin niƙa ya zo, ga 'yan garuwa, ga keke har ƙofar gida. Alhamdulillahi da sauƙi, ba na yi wa kowace mace fatan komawa daka da ɗibar ruwa a rijiya. Amma ranar da aka jingine taɓarya abu biyu suka tafi tare, zufa da taro, mu kuwa zufar kaɗai muke ta ƙoƙarin dawowa da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato wajen biliyan 1.8, ba sa motsa jiki yadda ya kamata, kuma mata sun fi: kashi 34, maza 29. Abin da hukumar take so shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Zama uku na awa guda ya riga ya kai ki minti 180.

Tunda kin riga kin biya, ki koma, amma ba yadda kika je da farko ba. Ki isa da minti goma kafin a fara. Ki sami mai koyarwa ki gaishe ta, ki faɗa mata sunanki, ki ce kina da hawan jini kuma sabuwa ce ke. Daga yadda za ta karɓi maganar nan za ki san irin wurin da kika zo. Kada ki sake komawa sahun ƙarshe, can ba a ganin ƙafar mai koyarwa, shi ya sa kike hagu ana dama. Ki tsaya a tsakiya, bayan wata da ta iya, ki sa ido a dugaduganta. Ki bar hannu tukuna, ƙafa kawai za ki bi. In taki ya kuɓuce miki ki ci gaba da takawa a inda kike har ki sake kama shi. Zuciya ba ta san kin yi kuskure ba, bugawa kawai take. Sannan in an tashi kada ki zari jaka ki fice. Ki nemi mace ɗaya, ɗaya tak, ki ce mata sannu da ƙoƙari, ki tambaye ta tun yaushe ta fara. Maƙwabciyar da ta kwatanta miki wurin ma ki ce ta raka ki. Yaran nan da kike gani sun san juna, wataƙila su ma kunyarki suke ji, suna ganin ke babba ce ba sa son su yi miki shisshigi.

Ma'aunin da za ki riƙe: in kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, kina daidai. In maganar ma ta gagara, ki sassauta. In kika ji nauyi ko ciwo a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe, ko ciwon kai mai tsanani, ki tsaya nan take a kai ki asibiti. Kuma kada ki riƙa riƙe numfashi in ana durƙuso ko ɗaga wani abu, yana ɗaga jini.

In kika yi mako biyu a haka har yanzu babu mai kiran sunanki, to laifin ba naki ba ne, ki bar musu wurinsu. Ki nemi mata uku a layinku masu irin larurarki, ba za ki rasa ba. Ki karanta amsar da ke biye.

TAMBAYA

Anti, ni na fara tara mata a gidana muna motsa jiki da kiɗa. Ban karɓi ko kwabo ba. Makon farko mun kai 22, yanzu wata uku ke nan mun koma 6. Na buɗe mana zaure a WhatsApp, ina tura bidiyo kullum, shiru. Raina ya fara ɓaci, ina tunanin in rufe.

'Yarki daga Zariya

AMSA

'Yata, kada ki rufe. Mace shida da suka yi wata uku ba su fasa ba dukiya ce, su ne ajin. Ashirin da biyun farko har da 'yan kallo da masu zuwa ganin ƙwaƙwaf, ko'ina haka ake farawa.

Amma wasiƙarki cike take da "na": na tara, na buɗe, ina turawa. Komai a kanki yake, su kuma baƙi ne a gidanki, baƙo kuwa ba ya jin nauyi in bai zo ba. Ki raba aikin. Wata ta riƙe littafin suna, wata cajin lasifika, wata ruwan sha, wata ta riƙa zaɓo kiɗan ranar Asabar, wata ta ja miƙe gaɓɓai na ƙarshe. Matar da ta san in ba ta zo ba yau babu ruwa, za ta zo ko da kai yana sara mata. Kuma ki sa ɗan zubi, komai ƙanƙantarsa, wanda ko mai sayar da ƙosai ba za ta ji shi ba, a riƙa sayen ruwa da gyaran lasifika, a kai gudummawa in wata ta haihu ko an yi mata rasuwa. Abin da mutum ya sa kuɗinsa a ciki yakan ɗauke shi nasa. Ban ce ki mai da shi adashi ba. Mun gwada a namu, wata ta kwasa ta kasa zubi, kunya ta hana ta zuwa, muka yi asarar 'yar aji saboda kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tun daga nan muka raba adashi da motsa jiki.

Ki dubi matan ƙasar Sin. Can, da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, dattawan mata sukan cika filayen unguwa da lasifika ɗaya suna taki tare, an ƙiyasta masu yin haka sun haura miliyan 100. Yawancinsu 'yan fansho ne, 'ya'ya sun girma sun bar gida. Ba su da madubi, ba su da na'ura, ba su da kayan yayi. Abin da suke da shi wuri ɗaya ne da lokaci ɗaya da ba ya canzawa, kowa ta san in ta fito za ta tarar da 'yan uwa. Ke ma ki tsayar da rana da lokaci, kada ki ɗaga don mutum biyu ne suka zo. Ranar da mace ta yi shiri ta zo ta tarar an fasa, da wuya ta sake yarda. Sai dai ki ɗauki darasi daga matsalarsu ma: ƙarar kiɗansu ta haɗa su faɗa da maƙwabta sosai, har sabuwar dokar hana hayaniya da ƙasar ta fara aiki da ita a 2022 ta shafe su. Ki rage murya, ki kiyaye lokutan sallah, ki shiga gidajen da ke jikin naki ki sanar da su da bakinki.

Sai kiɗa. Na lura 'yan matanmu suna ɗauko bidiyon Zumba, wani salon motsa jiki da rawa, daga intanet su ce sai an kwaikwaye shi yadda yake, uwar gida 'yar 50 tana fama da juyin ƙugun da ba ta taɓa gani ba. Alhali shi kansa Zumba ba haka ya faro ba. Wanda ya ƙirƙiro shi, Alberto Pérez da ake kira Beto, ɗan garin Cali ne a Kolombiya. Wata rana ya je koyar da motsa jiki ya manta kaset ɗin da aka saba, sai ya sa na salsa da merenge da yake tare da su, wato kiɗan da mutanensa suke ji a gida da wajen biki. Ɗalibai suka ce daga yau wannan suke so. Daga baya ya koma Miami a Amurka, a 2001 aka kafa kamfanin Zumba. Abin da ya ci nasara da shi ke nan, ya ba mutane kiɗan da jikinsu ya riga ya sani. Mu a namu, ranar da aka fara sa kiɗan ƙwarya, wata dattijuwa da muke kira Inna, wadda kullum a kujera take tana tafi kawai, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane ta shigo tsakiya. Aka rangaɗa guɗa. Ba wanda ya koya mata komai, ƙafarta ce ta tuna.

Abu biyu ki kiyaye. Kada ki kawo ma'aunin nauyi tsakar gida ana hawa a gaban jama'a. Wadda ta ragu za ta yi murna, uku da ba su ragu ba ba za ki sake ganinsu ba. Kuma ki sa ido a kan shidan nan naki, don in sun shaƙu da yawa su ne za su zama katanga ga ta bakwai, irin wadda ƙanwarmu ta Kaduna ta tarar. Sabuwa in ta shigo, a katse hira a karɓe ta.

Goma sha shidan da suka tafi kuwa, ki bar tura bidiyo. Ki ɗauki ɗaya daga cikin naki ku bi gida biyar a wannan makon, ku gaisa kawai, ku ji lafiya. Kada ku ce me ya hana ki zuwa. Ita da kanta za ta faɗa.

TAMBAYA

Anti, ina so in shiga amma maigida ya ce rawa ba ta matan kirki ba ce, uwar mijina ma ta goya masa baya. Ƙawata ta ce in riƙa cewa asibiti zan je.

Wata baiwar Allah daga Gusau

AMSA

Kada ki bi shawarar ƙawar nan. Ranar da ƙarya ta fito, kuma za ta fito, kin rufe wa kanki ƙofa, kin kuma ɓata sunan matan da suke yin abinsu tsakani da Allah.

Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa a kan kiɗa ba. Malamai sun yi magana a kai, kowane gida da wanda yake bi. Amma na zauna da mazan 'yan ajinmu da dama, kuma in aka bi maganarsu a hankali tsoronsu uku ne: kada namiji ya gani, kada a ɗauki bidiyo ya faɗa TikTok, da irin kalaman da ke cikin waƙoƙin. Duka ukun suna da gaskiya, ni ma ina tsoronsu. Shi ya sa a namu akwai kwando a bakin ƙofa, kowa ta shigo ta ajiye wayarta, har ni. Ko yaron gida in ya kai shekara bakwai ba ya shigowa. Waƙar da ba za a iya sa ta a gaban suruka ba ba ma sa ta. Akwai ranar da muke yi babu kiɗa sam saboda wasu 'yan uwa da ba sa so, tafi da ƙirga kawai, kuma zufar ɗaya ce.

Ki je ki duba wurin da kike son shiga, in bai cika waɗannan ba, maigidanki ya fi ki gaskiya. In ya cika, ki zaɓi lokacin da ransa yake sake ki yi masa bayani, ki fara da lafiyarki, don kalmar rawa ita ke tayar masa da hoton gidan biki. Ki roƙe shi ya bar ƙanwarsa ko yayarsa ta raka ki ta gani da idonta. Hajiya ma ki gayyace ta, in tana fama da gwiwa ko baya ta fi ki buƙata. Surukai biyu muke da su a aji yanzu, kuma dukansu bincike suka zo yi da farko. Ki kuma tuna masa cikin ladabi cewa Abu Dawud ya ruwaito Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta yi tsere da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta wuce shi, bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake ya wuce ta. In duk da haka ya ce a'a, ki nemi izinin tara maƙwabta biyu a tsakar gidanki, da tafi, babu lasifika. Maza da yawa da suka hana fita ba su hana wannan ba.

TAMBAYA

Anti, ina da ciwon suga da ciwon gwiwa, shekarata 58. Zan iya? Kuma in azumi ya zo fa?

Yayarki daga Jos

AMSA

Yaya, za ki iya, bayan kin shaida wa likitanki. Ki bar tsalle da durƙuso mai zurfi, ƙafa ɗaya kullum tana ƙasa, kuma in za ki juya ki ɗaga ƙafar ki juya da ita, kada ki murɗa gwiwa a kan siminti. In gwiwar ta matsa, ki jawo kujera cikin sahu ki yi da hannu da kafaɗa; a cikin sahu na ce, ba a gefe ba.

Kada ki taka ba takalmi. Suga yana rage jin ƙafa, ƙaramin rauni sai ya zama gyambo ba ki sani ba, don haka ki sa kambas da safa, in kin dawo ki duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu. In kina allurar insulin ko ƙwayar da ke saukar da suga da ƙarfi, kada ki je da yunwa, ki riƙe dabino uku ko alewa a jaka, kuma ki faɗa wa wadda ke gefenki cewa in ta ga kina rawar jiki, ko zufa mai sanyi tana keto miki, ko maganarki ta rikice, ta zaunar da ke ta ba ki.

Azuminki shi kansa sai kin zauna da likita tukuna, don ya duba ko za ki iya, ya kuma gyara miki lokutan magani. Mu a Ramadan mukan mai da zama sau biyu a mako, bayan tarawihi, minti 30 a hankali, kowa da gorar ruwanta. Wasu sukan ce sai bayan Sallah, ba ma matsa musu, amma sunansu yana nan a littafi, kuma ran Sallah ta uku muna bin gidajensu.